Gure: Darasin Halittu Yana Bakin Kwari

Matafiyin da ya bar Damagaram ya miƙi hanyar Difa, da zarar ya wuce Mirya da Gidimuni ya doshi Gidigir, zai ga ƙasa ta sake kama. Tudu na bin tudu, rairayi ja-ja, ciyawa tsilli-tsilli, sai kalimbo da tumfafiya nan da can. Ana cikin haka sai ƙasa ta lotsa, ido ya faɗa kan kore shar a cikin wani faffaɗan rami: goriba, dabino, rake, rogo, wani wurin har da ruwa kwance, farar kanwa ta kewaye bakinsa.

Wannan shi ne kwari. A ƙasar Gure, mai nisan kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, da maƙwabtanta Gudumariya da Maine-Sorowa, irin waɗannan kwaruruka dubbai ne, manya da ƙanana. Su ne madogarar jama'a a duk shekarar da damina ta gaza.

A gefen da iskar hunturu ke bugowa, wato arewa maso gabas, abin da ake gani a kwaruruka da dama ya isa ya tayar da hankali. Tudu ya gangaro cikin lambu. Goribar da ke bakin iyaka rairayi ya haɗiye ta har wuya, kanta kaɗai ke leƙe. Dabinon da ke bayanta ya fara nutsewa. Mai lambu ya ja shingensa baya bana, kamar yadda ya ja shi bara.

A cikin garin Gure kuwa, ɗaliban lise na kwafar darasin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa: mene ne tsarin zaman halittu, mece ce sarƙar abinci, me ya sa rabe-raben halittu ke da muhimmanci. Da yawansu ƴaƴan masu lambunan nan ne da makiyayan da ke kan tuddan. Suna haddace ma'anoni da Faransanci domin jarrabawa, alhali kowane babi na darasin yana shimfiɗe a fili, tafiyar ƴan kilomitoci daga ƙofar aji. A ganina, muddin ba a haɗa darasin da kwarin ba, an tauye ɗalibin, an kuma tauye kwarin.

Zobe cikin zobe

Abu na farko da darasin ke koyarwa shi ne ba a fahimtar mai rai shi kaɗai. Sai an haɗa shi da sauran masu rai da ke kewaye da shi, da abubuwan da ba su da rai amma su ke shata masa iyaka: ruwa, ƙasa, zafi, iska, gishiri. Wannan haɗin gaba ɗaya shi ake nufi da tsarin zaman halittu.

Da wuya a samu misalin da ya fi kwarin Gure fitowa fili. Masanan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, irin su Farfesa Karimou Ambouta, waɗanda suka daɗe suna nazarin ƙasar yankin tare da takwarorinsu na jami'o'in Beljiyam, sun bayyana yadda kwari ke tsaruwa zobe cikin zobe. Daga waje, a gindin tudu, goriba ce ke tsaye. Daga ita sai dabino. Daga dabino sai baƙar ƙasa mai laushi, inda ake noman rogo da rake da masara da dankali da albasa. A tsakiya, inda ya fi zurfi, sai faƙon kanwa ko ɗan tafki.

Ba wanda ya zauna ya zana wannan tsari. Zurfin ruwan ƙasa da yawan gishiri ne suka zana shi. Ruwan saman da Gure ke samu kimanin milimita 300 ne a shekara, a cikin wata uku, abin da ba zai riƙe rake ba ko kusa. Amma rairayin tuddai na shanye ruwan da ya sauka ya adana shi a ƙarƙashi, kuma a gindin kwari wannan ruwa na kusa da sama ƙwarai. Masana sun kasa kwaruruka gida uku: waɗanda ruwansu bai kai zurfin mita ɗaya da rabi ba, na tsaka-tsaki har zuwa mita 4, da waɗanda sai an wuce haka kafin a tarar da ruwa.

A tsakiyar kwari ruwan na hawowa ta ƙananan kafofin ƙasa, rana ta busar da shi, gishirin da ke cikinsa ya rage a sama. Kanwar ke nan, wadda fatake suka yi ƙarnoni suna kai wa Kano da sauran kasuwannin kudu. Inda kanwa ta yi yawa shuka ba ta rayuwa, sai ƴan ciyayi masu jure gishiri. Dabino na son saiwarsa ta taɓa ruwa, yana kuma jure ɗan gishiri, don haka ya zauna tsakani. Goriba ta fi su haƙurin ƙishi, sai ta tsaya a waje.

Tsayuwarta a waje kuwa aiki ne. Ita ke karya ƙarfin iska, kututtukanta da kabar da ke tsirowa a gindinta su ke tare rairayi kafin ya isa ga dabino. Dabino ya yi wa lambu inuwa, ya rage masa ƙunar rana da bushewar ƙasa. Idan aka sassare goriba domin azara, ko aka yanke kaba fiye da kima, zoben waje ya ɓalle, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan kuma ruwan ƙasa ya ja baya da mita ɗaya ko biyu, raken da ke sha da kansa sai ya koma jiran guga, daga nan a daina shi, lambu ya koma fili.

Wa ke cin wa

Kuzarin da ke tafiyar da wannan duka daga rana yake zuwa. Koren ganye na amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da iskar kabon ya samar da sukari, don haka tsirrai ne tushen abinci. Saura duk maciya ne. Fara da akuya da raƙumi na cin tsiro. Ƙadangare da balbela da shamuwa na cin fara. Shaho da dila da yanyawa na cin ƙananan dabbobi.

A kowane hawa, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na kuzarin ke wucewa gaba, saura ya tafi a motsi da numfashi da zafin jiki. Shi ya sa fara ke da ɗimbin yawa shaho kuwa ɗaiɗai ne, shi ya sa kuma manyan maciya nama ke fara ɓacewa idan ciyawa ta ragu.

Akwai rukunin da ba a cika kula da shi ba: gara, buzuzu, fumfuna da bakteriya. Su ke mayar da kashin shanu da busasshen kara su koma taki. Buzuzun da ke mirgina kashi ya binne yana shigar da taki ƙarƙashin ƙasa ne, ramukan gara kuma na buɗe wa ruwan sama hanyar nutsewa.

Amfanin sanin wannan sarƙa ya bayyana a yaƙi da fara, wadda manomin gero a Gure ya san ɓarnarta sarai. A shekarun 1990 an yi gwaje-gwaje a gabashin Nijar ƙarƙashin shirin LUBILOSA, inda aka kwatanta feshin guba da wani magani da aka haɗa daga fumfunar da ke kama dangin fara. Guba ta kashe fara nan take, amma ta haɗa da ƙwarin da ba ruwansu, cikinsu har da masu cin farar, ba a kuma daɗe ba fara ta dawo filin. Maganin fumfuna ya ɗauki kwanaki kafin ya nuna aikinsa, sai dai tasirinsa ya fi daɗewa, bai kuma yi wa sauran halittu irin wannan ɓarna ba.

Sai ungulu, wadda mutane ke ƙyama. A duwatsun Kutus, arewa da Gure, har yanzu ungulaye na yin sheƙa a jikin tsaunuka, masu bincike na bibiyarsu shekara-shekara. Babbar barazanarsu ita ce farauta domin sayar da kai da sauran sassan jiki ga masu tsibbu. Wata ungulu da aka ɗaura wa na'urar bibiya a ƙasar Girka ta ƙetaro teku da Sahara lafiya, amma a 2014 mafarauci ya kashe ta a jihar Damagaram.

Abin da rashin ungulu ke jawowa an gan shi a Indiya. Daga shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka sama da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar, saboda suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sake suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A ƙasar makiyaya irin Gure, inda fari ɗaya kan zubar da dabbobi masu yawa a bakin rijiyoyi, wannan ba labarin nesa ba ne.

Yadda tudu ya farka

Tuddan Gure tsofaffi ne. Sun taru tun wani zamanin bushewa, shekaru dubbai da suka wuce, daga baya damina ta kyautatu, ciyawa da itatuwa suka lulluɓe su, suka daina tafiya. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa ƙasar Muniyo a ƙarshen 1852, Gure na matsayin babban birninta, ya kuma rubuta labarin kwaruruka masu dabino da tafkunan kanwa.

Shekarun 1950 da 1960 shekarun ruwa ne a duk faɗin Sahel. Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984. Itatuwa suka mutu a tsaye. Ciyayi masu daɗewa irin gamba suka ja baya, suka bar wa ciyawar damina ɗaya fili. Ruwan ƙasa ya yi zurfi, kwaruruka da dama suka bushe.

Daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo, ko da yake ba shi da tabbas, amma tuddai da yawa ba su koma sun kwanta ba. A nan ne hannun mutum ya shigo. Al'ummar Nijar kimanin miliyan 3 ce a 1960, yau ta haura miliyan 25, gundumar Gure kaɗai ta wuce mutum 300,000 a ƙidayar 2012. Gonakin gero sun hau tuddan da a da na kiwo ne. Barin gona ta huta ya gajarta. Bayan girbi ana kwashe kara da ciyawa ƙaf domin dabbobin gida ko kasuwa, ƙasa ta shiga hunturu tsirara. A kewayen rijiyoyi da garuruwa kofato na niƙe saman ƙasa. Ga itacen girki, ga dafa manda mai cin itace.

Abin da ya kamata ɗalibi ya kama a nan shi ne matsalar na ciyar da kanta. Ciyawa ta ragu, iska ta samu ƙarfi a doron ƙasa, ta kwashe lallausar ƙasa da taki da irin ciyawar baɗi. Ƙasa ta ƙara talaucewa, abin da zai tsiro baɗi ya ƙara raguwa, rairayin da ke gudu kuma ya yayyanke ƴan tsiron da suka fito. Akwai iyakar da idan aka ƙetare ta, ko ruwa ya dawo wurin ba ya komawa yadda yake da kansa.

Termit da Kelle

Arewa da Kutus akwai Tasker, wadda take cikin gundumar Gure har zuwa 2011. A can ne duwatsun Termit suke. A watan Maris na 2012 gwamnatin Nijar ta kafa gandun namun dajin Termit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. Akwai barewar dama, ragon dutse, rabbi, tuji da babban kunkurun Sahel. Amma dabbar da ta fi jan hankalin duniya ita ce adaks, farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba, tana wadatuwa da laimar tsirran da take ci.

Wajen 2010 an ƙiyasta saura kimanin 200 a yankin. A Maris na 2016 aka yi bincike ta sama da ta ƙasa, uku kacal aka gani. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta danganta wannan da hada-hadar aikin man fetur a yankin, da farautar sata, da bazuwar makamai bayan rikicin Libiya na 2011. A 2019 an sake shata iyakar gandun aka fitar da yankin man, a 2021 kuma aka sake gyara ta.

Mariri ya riga adaks tafiya. A shekarar 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a daji baki ɗaya. Da yake an adana wasu a gidajen namun daji na ƙasashen waje, an fara mayar da shi dajin Cadi a 2016, ya hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Abin farin ciki ne, amma kuɗi da jirage da shekarun da aikin ya ci sun nuna tsadar dawo da abin da aka bari ya ɓace.

Gure ma na da nata irin wannan aiki. A Kelle, cikin Kutus, akwai cibiyar kiwon jimina mai jan wuya, tsuntsuwar da ta fi kowace girma a duniya, wadda ta ɓace daga dajin Nijar. Ƙungiyar Sahara Conservation ce ke aikin tare da wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta mutanen Kutus, CERNK, an kuma fara kai ƴaƴan jiminar gandun Gadabeji a jihar Maradi. Ɗalibin Gure na iya zuwa ya ga jimina da idonsa a cikin gundumarsu, abin da kakanninsa suka gani a sake a daji.

Dukiyar da ke cikin rumbu

Rabe-raben halittu hawa uku ne. Akwai bambancin wurare, kamar tudu da kwari da dutse. Akwai bambancin nau'o'i, kamar goriba da dabino da aduwa. Akwai kuma bambancin da ke cikin nau'i ɗaya. Na ukun ya fi wuyar bayani a allo, amma ya fi sauƙin gani a ƙauye.

Gero ba ɗaya ba ne. Manoman Nijar na da Ankutes, Tamangaji, Zango, Maiwa da wasunsu, kowane da tsawon zangarniyarsa da kwanakin da yake ɗauka kafin ya nuna. Masana na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar sun kwatanta irin geron da aka tattara a ƙauyuka a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003, suka fitar da sakamako a 2011. Geron 2003 ya fi saurin fitar da kai. Manoma ba su watsar da irinsu na gado ba. Bambancin da ke cikin irin ne ya ba da dama: a shekarun fari mai saurin nuna shi ya yi ƙwaya, shi aka ajiye, shi aka shuka baɗi. Da geron duka iri ɗaya ne sak, da babu abin zaɓa.

Dabinon kwarurukan nan na ƙasar Manga ma abin nazari ne. Yana yin ƴaƴa sau biyu a shekara, abin da ba a saba gani ba a manyan ƙasashen dabino. Yawancinsa daga ƙwallo ya tsiro, don haka kowace bishiya da halinta, wata mai zaƙi, wata mai saurin nuna. Duk kwarin da rairayi ya binne, ya tafi da wasu irin da babu su a wani wuri.

Sai ƴaƴan itatuwan daji. A shekarar yunwa ta 2005 mutane da yawa a jihar Damagaram sun koma ga anza, ana jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Aduwa, magarya, jiga da goriba duk suna cikin abin da ke riƙe gida idan rumbu ya yi ƙasa. Dajin da ya rage nau'i biyu ko uku ba zai iya wannan aiki ba.

Shingen kalimbo

Ba a zauna an naɗe hannu ba. Ƙungiyoyi irin su Karkara sun daɗe suna aikin tsayar da tuddai a yankin. Daga wajen 2010 aka gudanar da shirin PLECO na yaƙi da binnewar kwaruruka a gundumomin Gure da Maine-Sorowa, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, PNUD, da asusun muhalli na duniya. Yankin kuma na cikin layin Babbar Koriyar Ganuwa, shirin dashen itatuwan da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007.

Aikin kansa na hannu ne. Ana sarar rassan kalimbo ko na goriba a ɗaure dami-dami. A kan tudu a haƙa ɗan rami mai tsawo a gicciyen iska, a jera rassan a tsaye kusa da kusa, a mayar da rairayi a tattake gindinsu. Layi bayan layi, wasu a gicciye, har tudun ya koma gida-gida. Idan damina ta faɗi a dasa itatuwa a cikin gidajen, a watsa irin ciyawa, a sa mai gadi ya hana dabbobi shiga na ƴan shekaru.

Binciken Tidjani Adamou Didier na Jami'ar Abdou Moumouni a kan tuddan Gure ya nuna cewa irin wannan shinge na rage gudun rairayi ƙwarai, yana kuma tare ƙura da irin ciyawar da iska ke ɗauke da su. A nan ɗalibi zai ga wani babin darasi da idonsa, wato yadda halittu ke maye gurbin juna a sabon wuri. Ciyayin damina ɗaya irin ƙarangiya su ke fara kama ƙasa. Idan suka bushe suka ruɓe sai ƙasa ta ɗan samu taki, wasu ciyayin su biyo. Ƙwari su zo, ƙadangaru da tsuntsaye su biyo ƙwarin, tsuntsaye kuma su zo da irin itatuwa a kashinsu.

Inda nake da ja shi ne zaɓin itacen dasawa. An daɗe ana dogaro da wani itace mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka, wanda masana ke kira furosofis, saboda yana saurin girma kuma yana jure fari. Yana tsayar da tudu, yana ba da itace da gawayi. Amma idan ya samu wuri mai ruwa kusa yakan mamaye, ya hana ciyawa fita a ƙarƙashinsa, kamar yadda ya rufe busasshen gefen tafkin Cadi wajen Ngigmi. Tudun da aka cika da nau'i ɗaya ya tsaya, amma bai warke ba. Gauraya daƙwara da kandili da aduwa da magarya ya fi jinkiri, sai dai shi ke kawo ƙaro da abincin dabbobi da furen zuma, shi ke kuma tsira idan cuta ko fari ya kama nau'i ɗaya.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. A saiwarsa akwai bakteriya masu ɗaukar sinadarin azot daga iska, sinadarin da manomi ke sayen takin yuriya dominsa. Itacen ya ba su sukari, su ba shi taki. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye da ƴaƴa dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashi. A Magarya da Matamaye da Mirya, da jihar Maradi, manoma sun raya irin waɗannan itatuwa ta hanyar sassaben zamani, wato barin tsiron kututture ya girma, har ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Gure ta fi can bushewa, kuma a kan tudun da ya riga ya tashi babu kututturen da za a raya, dole shinge ya riga. Amma a gonakin da ba su kai ga lalacewa ba dabarar na nan a buɗe.

Kowa da inda abin ke masa ciwo

Mai lambu na ganin dabbobi ne ke tayar da tudun da ke bisa kansa, yana so a killace. Makiyayi, Bafulatani ne ko Batube ko Buzu, na ganin gonaki sun cinye burtali da makiyaya, yanzu kuma ga wuraren da aka killace da sunan gyara, waɗanda wani lokaci kan zama hanyar mallake fili. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince masa da ƴancin yawo da dabbobinsa, kimiyya ma na bayansa a nan: a ƙasar da ruwa ke sauka nan ya tsallake can, garken da ke tafiya ya fi sauƙi a kan ciyawa bisa garken da ke zaune wuri ɗaya shekara cur. Dabbobi na baza taki, irin kandili da na gawo ma sun fi saurin tsirowa idan suka bi ta cikin hanjinsu.

Matan da ke saƙar tabarma da faifai da igiya daga kaba suke samun kuɗin cefane, hana su yanka ba mafita ba ce sai dai a tsara lokaci da wuri. Jami'in gandun daji na da faɗin ƙasa mai yawa da kayan aiki kaɗan, ya kuma san cewa sarar kalimbo domin shinge, idan ba a yi hattara ba, na tsiraita wani tudun ne don a rufe wani. Ya san kuma aikin da ake biyan mutane da kuɗi ko abinci yakan tsaya ranar da shiri ya ƙare, shinge ya ruɓe, mai gadi ya tafi. Wuraren da suka ɗore galibi su ne inda mutanen gari da makiyaya suka zauna tun farko suka amince wa zai shiga, yaushe, kuma wa zai yanki ciyawar da ta fito.

Aji a bakin kwari

Malamin SVT shi ma da nasa uzuri: aji cike, manhaja mai tsawo, babu mota, babu ɗakin gwaji. Amma aikin fili na wannan babi ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

Turaku huɗu da igiya sun isa a shata murabba'in mita ɗaya a ƙirga nau'o'in ciyawar da ke ciki, a kan tudu mai tafiya, a kan tudun da aka yi wa shinge, da a gindin gawo, sannan a kwatanta. Ana iya jan igiya daga kan tudu zuwa tsakiyar kwari a rubuta abin da aka tarar kowane taku goma, zobunan su fito a takarda. Ana iya auna zurfin ruwan rijiya ɗaya kowane wata. Ana iya kafa turke a gaban tudu a dawo bayan hunturu a ga mita nawa ya ci. Ɗalibai na iya busar da ganyaye su manna a littafi da sunayensu na Hausa da Barbarci da Fulatanci da na kimiyya, su kuma tambayi dattawa itatuwa da namun dajin da suka sani a yarinta waɗanda babu su yanzu.

Idan kowane aji ya miƙa littafinsa ga na bayansa, cikin shekara goma makarantar za ta mallaki tarihin kwari ɗaya da babu mai irinsa, abin da malaman Jami'ar André Salifou ta Damagaram da na Jami'ar Difa za su iya dubawa su yi aiki da shi.

Sai dai lokaci na da muhimmanci. Makarantu na buɗewa a watan Oktoba, daidai lokacin da ciyawar damina ke tsaye da kawunanta, ana iya bambance wannan da waccan. Zuwa Janairu dabbobi da iska sun share ta. Don haka fitar farko a makonnin farko na shekarar karatu ya kamata a yi ta, ko da ba a iso babin a manhaja ba, bayan an nemi izinin mai gari da na mai lambun da za a shiga.